Hanyar da Anka Zana Bisa Allo

Da la'asar munka baro Taloka, ni da ɗana na fari da ɗiyatai Mashkura. Sunanai ba za ku ji shi bakina ba yanzu. Inda munka tashi uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ko da ya yi furfura. Tun shina goye "kai" nike ce mai, ko "wanga". Da yas samu ɗiya nis samu sauƙi, nik koma ce mai Baban Mashkura.

Abin da yak kai mu Taloka ba boyayye ba na. Mashkura na da cikin fari, ya tsufa, mun je ɗauko ta goyon ciki zuwa gida Lahodu. Uwarta wurin haihuwarta tar rasu, bisa cinyata. Ni nir rene ta da nonon akuya da kunu. Don haka da surukanta sunka fara cewa a bar ta ta haihu can, ban tsaya gardama da kowa ba. Na ɗaure kayanta nic ce a ɗora. Yarinyar ga cikin ɗakina za ta durƙusa, gaban idona, in ga ta tashi da ƙafarta. Wannan kaɗai nis sa gaba.

Keken Baban Mashkura munka hau, mai ƙafa ukun nan da shike ɗaukar albasa da shi. Ya shimfiɗa katifa baya, amma warin albasa ya riga ya shiga ƙarfen, ko an wanke ba shi fita.

Mashkura tac ce, "Kaka, haka za ki kai ni gida, awa buhun albasa?"

Nic ce, "Buhu ya fi ki daɗin ɗauka. Shi ba shi da baki."

Ubanta yay yi dariya can gaba. Mutum na mai yawan dariya, ban san inda yag gado ta ba.

Ba mu yi nisa ba munka tarar da hanya ta yanke. An saki ruwan dam cikin kwanakin, ya cinye kwalbati ya bar rami, ruwa na ta gudu ja wur. Mutane tsaye da babura suna kallo. Wani yac ce mu ratsa ta cikin gonakin aikin ruwa, in munka miƙe za mu faɗa kwalta can gaba. Da baki yaf faɗi, da hannu yan nuna, kamar abu na bayan ɗaki.

Fadamar nan na san ta ina budurwa. Da tsamiyoyi muke gane hanya, kowace da sunanta. Yanzu an sare su dut, an baje ƙasa, an yanka ta gida-gida da magudanan siminti. Shinkafa hagun, shinkafa dama. Kowane bakin ruwa ɗan uwanai yake kama. Munka bi wanga ya ƙare ga rami, munka juyo munka bi wancan ya ƙare ga laka. Keke na jijjiga, Mashkura na riƙe ƙugu tana cije leɓe don kar in gani. Na gani.

Rana ta yi ja sa'ad da munka fito wata mararraba, kusa da wurin shan iskan da anka yi ma baƙi masu zuwa kallon ruwa da salla. Ba kowa wurin. Kujeru na siminti, da wani allo na ƙarfe mai ƙafa biyu, ya fi ni tsawo.

Baban Mashkura yas sauka yad duba, yac ce, "Inna, taho ki gani. Taswirar wurin ga ta."

Ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba. Amma zane ba shi son boko. Ga gulbi an ja shi shuɗi. Ga gonaki kore shar, wuri guda, ba rami ba tudu. Magudanan da sunka wahalsam mu tun ɗazu, guda tak anka zana. Itatuwa 'yan dunƙule-dunƙule, dut kai ɗaya. Can kusurwa rana, da 'yan ƙafafunta. Ƙasa-ƙasa wani jan ɗigo da rubutu gefenai.

Nic ce, "Mi anka rubuta nan?"

"Wai, kana nan."

"To da ina nike?"

Daga jan ɗigon hanya ta tashi, ruwan ɗorawa, miƙe sak har ga baƙin layin da yac ce shi na kwalta. Tsakiyar hanyar an zana ɗan mutum da fartanya ga kafaɗa, ya ɗaga hannu guda.

Munka leƙa bayan allon. Ga bakin hanya kuwa, tsakanin gonakin shinkafa biyu. Ni dai ban lura da ita ba da munka iso. Na ɗan ɗibi ruwa cikin butata ga magudanar wurin don alwallar magariba, ruwa ja mai ƙasa-ƙasa, munka hau.

Da fari daɗi munka ji.

Mashkura tas saki ƙugunta, tay yi ajiyar zuciya. Tac ce, "Baba, Allah shi yi ma albarka. Hanyar ga ba gargada."

Ba gargada. Na dafa ƙarfen keken, ko motsi ba shi yi. Na shekara ina hawan keken nan, ko bisa kwalta sai ya kaɗa ma mutum haƙora. Nid duba baya. Ba ƙura, ba sawun taya.

Na kasa kunne.

Sai nil lura ban kashe sauro ko guda ba. Fadama, ƙarshen damina, gab da magariba. Ɗazu bakin allo sun cinye man idon sawu. Nan ko kukan guda babu. Ba kwaɗi. Ba tsuntsayen da ke faɗa ma shinkafa. Ƙarar injin ma ta koma can nesa, awa ana niƙa wata unguwa.

Nij ja numfashi. Ba warin laka. Nis sunkuya nis shinshini ƙarfen keken.

Ba warin albasa.

Na ɓallo goro nis sa baki. Na tauna, na tauna. Kamar ina tauna tsumma.

"Kaka," Mashkura tac ce a hankali. "Dubi gulbi."

Gulbin Rima na san shi tun ban san kaina ba. Ja na da damina, toka-toka da rani. Wanga shuɗi na, shuɗin bula, kwance lumui, ba shi gudu ba shi ƙyalli. Itatuwan bakinai dunƙule-dunƙule, ba reshe, ba ganye guda da za ka ce ga shi. Kuma ba su da inuwa.

Nid ɗaga kai. Rana na nan inda munka bar ta, can kusurwa. Jikina ya ba ni magariba ta wuce, gwiwoyina ba su ɓata lokacin salla. Amma rana ba ta gusa ba ko da faɗin yatsa.

Nic ce, "Kai. Juya."

Bai juyo ba. Murya ƙasa-ƙasa yac ce, "Inna, tun ɗazu nike murza kan keken. Ba shi juyawa."

Na fara Ayatul Kursiyyu. Ina jin bakina na motsi, amma muryar ba ta wuce haƙorana.

Sai keken yam mutu don kainai.

Gabanmu ƙasa ta yi ja, da'ira guda mai faɗin masussuka, sumul. Jan ɗigon da munka baro baya, ga shi gabanmu. Bakin da'irar mutum na tsaye, ya ba mu gefe. Fartanya ga kafaɗa. Hannu guda sama.

Baban Mashkura yac ce, "Alhamdu lillahi, ga mutum. Bari in tambaye shi."

"Zauna."

"Inna, ba a wuce mutum ba sallama. Ke kinka koya man."

Ni nik koya mai. Yas sauka, yag gyara hulatai, wata koriya da ta koɗe, yan nufi mutumin.

Na sauko da butata. Ko mi a ciki, nic ce, ba za a same ni ba alwalla ba. Na zuba ruwa ga tafina. 'Yan ɗigo sunka zube ƙasa.

Inda sunka faɗi, hanyar tan narke.

Ruwan ɗorawar yaz zagwanye awa fenti, baƙar laka tal leƙo daga ƙasa. Warin fadama yab bugi hancina, ruɓaɓɓen haki da kashin shanu. Ban taɓa jin ƙamshi irin wannan ba. Ta cikin ɗan ramin, can ƙasa, nij ji kwaɗi.

Nid ɗago in kira shi.

Ya riga ya yi sallama. Ya riga ya miƙa hannu.

Mutumin yas sauke hannun nan nasa, yak kama. Sannan yaj juyo, a hankali, awa ana buɗe ƙyauren kwano. Da yaz zo daidai rabi, sai da ya kusa ɓace man. Ba shi da kauri. Faifai ya fi shi kauri.

Da yag gama juyowa nin nemi fuska. Ba ido. Ba hanci. Ba baki. Baƙin kewaye kawai, sumul.

Amma ya yi magana. Muryar awa iska na kaɗa tsohon kwano.

"Kuna nan."

Mashkura tay yi ƙara, tad dafe mara. Na san irin wagga ƙara. Na ji ta bakin uwarta.

Kan nan marar fuska yak karkato wajenta. Ba fuskarta yad duba ba. Cikin.

"Akwai wuri," yac ce. "Akwai wuri da yawa."

Hannun ɗana ya fara sakewa. Yatsun sun haɗe, layukan tafi sun shafe. Abin na hawa, wuyan hannu, gwiwar hannu, awa ruwa na hawan tsumma. Shi ko shina tsaye, baki sake, ido ga mutumin, ba shi ko ƙiftawa.

"Kai!" nic ce. "Wanga! Baban Mashkura!"

Ko gezau.

Nig girgiza butar. Ruwan bai kai rabi ba.

Nid dubi tsakanina da shi. Nid dubi tsakanin keke da gefen hanya, inda koren nan yaf fara. Na yi awon hatsi da idona tun kafin a haife shi, ba ni kuskuren awo. Ruwan ga na wuri guda na. Ko in kai shi ga hannunai, ko in buɗe ma yarinya hanya.

Abin ya kai kafaɗa.

Sai nib buɗe baki nik kira abin da ban taɓa kira ba.

"Maccido!"

Yaz zabura awa an watsa mai wuta. Yaj juyo. Idanun nan nasa na nan, nasa na, cike da mamaki. Tsawon rayuwatai bai taɓa jin sunan nan bakina ba.

Yad dubi hannunai. Yad dubi butar. Yad dubi ɗiyatai. Shi ma ya iya awo.

"Inna," yac ce. Gefen bakinai ya fara shafewa. "Kai ta gida."

Yas sa ɗaya hannun yar rungume mai fartanyar, yaj juya shi, yab ba mu baya.

Ban tsaya kuka ba. Na jawo Mashkura daga bisa katifa, nir rataya hannunta ga wuyana. Tana ihu tana kiran Baba. Na kwaɗa mata mari.

"Taka inda nit taka."

Na zuba. Laka. Munka taka.

Na zuba. Laka. Munka taka.

Bayanmu kwano na kuka. Ban waiwaya ba.

Inda munka ɗaga ƙafa, ruwan ɗorawa na rufewa.

Na zuba.

Na girgiza.

Ɗigo.

Babu.

Saura taki kaɗan mu kai gefe, buta ta bushe. Na tofa yawu, ɗan wuri kamar ƙwayar gero yab buɗe yar rufe. Sanyi yaf fara hawan dugadugaina. Na daina jin yatsun ƙafata.

Bayan wuyana, kusa ƙwarai, anka ce, "Kuna nan."

Mashkura tad durƙushe. Tac ce, "Kaka, wani abu ya..."

Faya taf fashe.

Ruwan haihuwa yak kwararo bisa ƙafafunmu, mai ɗumi, mai ƙarni. Ƙasa tad dare ƙarƙashinmu, munka rufta.

Cikin magudana munka faɗa, laka har ƙugu. Duhu yar rufe mu lokaci guda. Kwaɗi na ta kururuwa. Ƙaya ta yage man hannu, sauro sunka taso man ga fuska, na bar su sunka ci. Can nesa ladan na kiran lisha.

Wani manomin shinkafa, Sa'adu, shi yaj ji ihunmu. Shi da matatai Lami sunka ciro mu, sunka kai mu bukkarsu ta gona. Nan Mashkura tad durƙusa, bisa buhunan taki, ba ɗakina ba. Amma gaban idona. Namiji tas samu, kuma ta tashi da ƙafarta.

An nemi ɗana. Mutanen Taloka da na Lahodu sun taka fadamar nan gona-gona, masunta sun bi gulbi da tarunsu. Ba keke, ba hula, ba sawun taya. Bayan allon ma ba hanya. Magudana ta, da shinkafa, da wani kututturen tsamiya da anka sare tun zamanin aikin.

Da nig gama wankan jegon yarinya nis sa anka kai ni Goronyo, wurin wanda yaz zana allon. Lawwali sunanai, mai rubuta bayan motoci. Na tarar da shi shina cin rogo.

Nic ce, "Kai kaz zana hanyar nan mai ruwan ɗorawa?"

Yac ce, "Ni na, Hajiya."

"Ka taɓa bin ta?"

"Wallahi ko wurin ban taɓa takawa ba. Takarda anka ba ni, magudanai sun yi yawa, anka ce in rage don baƙi su gane. Da nir rage sai tsakiya tay yi fili, ba kyau. Shi na nij ja hanya."

"Mutumin hwa? Mai fartanya."

Yad daina tauna. Yac ce, "Wane mutum? Ni ban iya zanen mutum ba, Hajiya."

Limaminmu yac ce man, waɗanda ke zaune cikin tsamiyoyin nan ba su mutu ba don an sare itace. Wuri sunka rasa. Sai ga wuri an shata, da hanya da gulbi da rana, ba mai shi. Ban ce mai i ba, ban ce a'a ba. Shi da karatu, ni da abin da nig gani.

Samarin garinmu sun so su tumɓuke allon su jefa gulbi. Na tsaya gabanai nic ce wanda yat taɓa shi sai ya fara da ni. Na sa an kafa mai rumfar zana don rana da ruwa kar su ci fentin. In zana ta ruɓe, ni ka sake ta. Masu aikin ruwa sun zo da zancen sabon zane, na kore su, sun ce tsohuwa ta taɓu. Su ce.

Jaririn an mai da mai sunan kakanai. Uwatai ba ta kira, ni ma ba ni kira. Sau guda nik kira sunan nan, ya isa. Yatsun ƙafata na hagun har yau ba su jin zafi ba su jin sanyi, kuma ba ni barin a yanka albasa nesa da ni. In ana yanka, kusa nike matsowa.

In kun bi ta mararrabar nan, ku tsaya ku duba da kyau. Mai fartanya na nan tsakiyar hanya, hannu sama. Gefenai akwai ɗan keke mai ƙafa uku. Gaban keken akwai mutum na biyu, da koriyar hula. Shi ma ba shi da fuska, amma uwa ba ta bukatar fuska.

Shi bai ɗaga hannu ba. Ya miƙa shi baya, wajen da kunka fito.

Ku bi hannun.